Shekarar da Aka Sa Mini Suna Bebe

Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake kiranku a Funtua idan kun ba da baya: 'ya'yan Sale Bebe. Wasu ma ba sa jira ku juya. Na san kuma labarin da ake haɗawa da sunan, wai ubanku ya samu aiki mai kyau a kamfani, girman kai ya sa ya ɓata fim ɗin mutane da tawada, da aka tsare shi a gaban jama'a kuma ya kasa cewa uffan. Tawada gaskiya ce, ni na shafa ta da hannuna, kuma da za a mayar da ni ranar da na sake shafawa. Shirun ma gaskiya ne. Sauran duk ƙarya ce, wanda ya ƙaga ta kuwa ya mutu da mutuncinsa ana ta yabonsa a rediyo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Mustafa ɗan wajen Binta, da ya zo hutu ya ce in ba shi tsofaffin kaset ɗina, wai yana haɗa kiɗa wa masu wasannin nan da yara ke latsawa a waya. Na ce ya kwashi abin da ya ga dama ban da guda ɗaya. Ya tambayi dalili, na ce sai na rubuta, don in na fara da baki raina zai ɓaci in kasa ƙarasawa.

Kakanku Ali makaɗin gangar noma ne, a wani ƙauye tsakanin Dayi da Malumfashi. Ku da kuka tashi a gari ba ku san aikin ba. Idan manomi ya kira gayya, majiya ƙarfi sun jeru a bakin gona kowa da garmarsa, Baba ne yake bin su a baya da ganga yana zuga su har rana ta karkata. Ubangidansa shi ne Sarkin Noma Jatau, dogon mutum mai faɗin kafaɗa da gajeren haƙuri, wanda ya noma dami dubu tun kafin a haife ni. Shi ya yi wa Baba aure, shi ya yanka ragon sunana. Abin da ya ɗaure su kuwa shi ne take. Take ba waƙa ba ne, suna ne da ganga take kira, kowane babban manomi da nasa, ba a aro ba a ba da aro. Duk inda Jatau yake, ko abinci yake ci, da ya ji takensa zai miƙe tsaye ya ɗaga hannun dama ya yi kirari. Ba shawara yake yi ba, jikinsa ne yake tashi da kansa. Na taɓa ganin ya miƙe daga hannun wanzami da rabin aski a kai. Kuma daga ƙauyenmu har kasuwar Dayi babu yaron da bai san wannan take ba, babu kuma wanda bai san hannun Baba a kansa ba.

Ni ganga ban ƙi ta ba, na iya ta daidai gwargwado, amma sinima ce ta ɗauke mini hankali. Da aka kawo ni Funtua wajen ƙanin Inna ina aikin lodi a gidan gurzar auduga, na haɗu da Lasisi, ɗan wata Bayarabiya mai sayar da atamfa a bakin tasha. A Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa zaƙi, zaginsa ma ya fi nawa. Shi yake taimaka wa mai juya injin sinima, shi yake shigar da ni ta ƙofar baya. Mutane suna kallon dambe da rawa, ni ina sauraren abin da ke ƙarƙashinsu. Na lura kafin mugu ya buɗe baki kiɗa ya riga ya gaya maka mugu ne, kafin uwa ta yi kuka kiɗa ya riga ya sa maka ƙwalla. Sai na ce ashe wannan ai aikin gidanmu ne, ganga ce take faɗin ko wane ne mutum. Na fara tara abokai, mai sarewa, mai kukuma, da wani ɗan coci mai jita, muna yi wa 'yan wasan kwaikwayo na makarantu kiɗa a bayan labule. Ba a biyanmu sai da shinkafa, amma sunana ya fara fita.

'Yan shekaru bayan babban farin da ya ƙone gonakin ƙasarmu, noma ya dawo da ƙarfinsa, taki da maganin ƙwari suka cika ƙasar. Wani kamfani da ba zan faɗi sunansa ba, ya ma daɗe da rushewa, ya buɗe ofis a Funtua ya ce zai yi fim da Hausa a riƙa nuna wa manoma a majigi, wato sinimar da ake yawo da ita ƙauye-ƙauye a mota, a kafa farin ƙyalle a fili a haska. Suka ɗauki Lasisi ya riƙa juya inji. Lasisi ya kai sunana wajen shugaban sashen, wani Malam Isiyaku, mai farar kaftani da biro uku a aljihu. Ku riƙe wannan: Malam Isiyaku ba Bature ba ne, ba baƙo ba ne. Bahaushe ne ɗan manomi, an haife shi a wajajen Bakori, ya sha furar gayya kamar kowa. Ya ɗauke ni aiki in haɗa wa fim kiɗa daga farko har ƙarshe, aka ba ni rikoda mai zare da sabon keke. Ranar da na tura keken nan cikin gida, uwarku Kulu, tana da cikin Binta a lokacin, ta zagaye shi tana guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Labarin fim ɗin ba shi da wuya. Manoma biyu ne. Ɗaya jarumi, ya karɓi takin zamani, dawarsa ta yi kyau. Ɗaya rago, ya ƙi taki, ya kwanta a gindin bishiya da yagaggiyar malafa a fuska, awaki suna cinye masa gona, matarsa ta fita da ƙwarya wayam tana bin gidaje. Ragon wani ɗan wasa aka ɗauko daga Kaduna. Jarumin kuwa suka ce manomi na gaske suke so da gona ta gaske, ni kuma da bakina na ce su je wajen Sarkin Noma Jatau. Aka je, aka ɗauki hotonsa yana jan gayya. Na tsara wa rago kiɗan kukuma mai ɗingishi, irin wanda da ka ji sai ka yi dariya. Jatau kuma na ga babu abin da ya dace da shi sai takensa. Ban ɗauka a ɓoye ba, wannan ma ku riƙe. Na sa Baba a gaba muka je zaurensa, muka durƙusa, Baba ya yi bayani.

Jatau ya daɗe yana kallon rikodar, sannan ya ce, "Wannan akwatin, in ya haɗiye takena, ina za shi kai shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kan hotonka za a ɗora shi, kana gaban gayya. Duk garin da majigi ya shiga za a gan ka, a ji shi."

Ya ce, "A kaina kaɗai?"

Na ce, "A kanka kaɗai."

Ya juya ga Baba. "Ali, ka yarda da maganar yaron nan?"

Baba ya ce, "Ɗana ne."

Ni ne ɗan fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa yabona a gaban mutane ba. Wannan kalma biyu ita ce iyakar abin da na taɓa samu, kuma a kanta Jatau ya ce a kaɗa. Baba ya kaɗa a tsakar gida, Jatau ya miƙe ya yi kirari, na ɗauka. Na rubuta wa masu haɗa fim a Kaduna wane kiɗa ne na wane wuri, na ba Malam Isiyaku hannu da hannu. Shi kuwa Jatau ba wanda bai gaya wa ba. Har kasuwar Malumfashi ya riƙa tare mutane yana cewa su zo ranar majigi su ji takensa ya fito daga cikin ƙarfe.

Fim ya dawo da kaka, kwafi ɗaya tak a cikin gwangwani, kuma aka sa ranar fara nuna shi a ƙauyenmu, a gaban manyan kamfani da wakilin hakimi, tun da a can aka ɗauka. Ana saura kwana kaɗan Lasisi ya ce mu gwada shi a sito, mu biyu, mu ga ko inji zai yi gardama. Muka rufe taga da buhu. Hoton Jatau ya fito yana gaban gayya, sai na ji jita tana ƙararrawa a ƙarƙashinsa. Na ce to, sun cire taken, abin kunya ne amma za a iya ba da haƙuri. Ban gama wannan tunani ba sai ga rago ya fito yana hamma, ya shimfiɗa buhu a gindin bishiya, ya rufe fuska da malafa. Sai ganga ta tashi. Hannun Baba ne. Taken Jatau ne, daga farkonsa har ƙarshensa, ana maimaita shi, akuya tana cin dawa, mace tana yawo da ƙwarya, mai sharhi yana cewa ku dubi wanda ya riƙe tsohon yayi.

Lasisi ya kashe inji ba tare da na ce masa komai ba. Ya ce, "Sale, wallahi tsohon nan tashi zai yi."

Abin da ni ma na gani ke nan. Filin gari cike, mata a gefe, yara a gaba, baƙi a kan kujeru, ganga ta kira shi, Jatau ya miƙe da tsawonsa ya ɗaga hannu ya fara kirari, a bayansa kuma ga rago yana minshari a kan ƙyalle. Yaro ɗaya ne zai fara dariya, shi ke nan. Mutumin da ya shekara arba'in yana ciyar da rabin gari zai zama abin kwaikwayon yara a bakin rijiya. Baba kuwa za a ce makaɗi ya yi wa ubangidansa zambo da hannunsa, a gaban hukuma, don ɗansa ya samu keke.

Na tafi ofishin Malam Isiyaku kai tsaye. Ina zaton kuskure ne, ina zaton da na faɗa zai dafe kai. Ya bar ni na gama, yana goge tabarau da bakin riga.

Ya ce, "Ba kuskure ba ne, ni na ce a sauya. Ka yi tunani mana, Malam Sale. Saƙonmu shi ne zamani ya fi da. Jita zamani ce, ganga da ce. In ka sa wa mai taki ganga ka rikita saƙo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ganga ba ce kawai, take ne. Na mutum ne, yana da rai, a garinsa za a nuna."

Ya ce, "Na san take, kada ka koya mani. Amma mu kasuwanci muke, ba biki ba. Tsoho ne, zai yi fushi kwana biyu, mu aika mashi da buhun taki ya huce."

Na ce a ɗaga ranar. Ya ce an riga an gayyaci manya. Na ce a tsallake wurin. Ya ce nan ne ake faɗin sunan taki da yadda ake zuba shi, in an tsallake me aka zo yi? Na ce to a fara nunawa a wani gari mai nisa. Ya yi dariya ya ce ai duk ƙauyukan yankin suna cikin jerin, in ba a ji yau ba a ji gobe. Daga nan ya ce in fita yana da aiki. Har yau in na tuna buhun takin nan sai in ji abinci ya fita raina. Da bai sani ba da na yafe masa tuntuni. Ya sani sarai, ya auna mutuncin Jatau ya ga bai wuce buhu ɗaya ba.

Na koma gida na gaya wa Kulu. Uwarku ba mai yawan magana ba ce, amma ranar ta yi. Ta ce in je in gaya wa Baba, manya su san yadda za su yi. Na ce Baba ba shi da ikon hana kamfani, abin da zai iya kawai shi ne ya je ya faɗa wa Jatau, in ya faɗa kuma maganar ta fita. Ta ce to mu tattara mu tafi Zariya kafin ranar, abin da ya faru ba a idonmu ba. Na ce Baba fa, shi ma Zariya za shi? Ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na ga dai ka riga ka yanke. Abin da nake roƙo, in za su karɓi keken, ka kai masu da kanka, kada su zo gidan nan su ɗauka a gaban mutane."

Lasisi ne ya taɓa nuna mini cewa muryar fim tana cikin wani siririn layi ne a gefen zaren fim ɗin, haske yake ratsa shi ya zama sauti a lasifika. In ka toshe layin, hoto yana nan, murya ta tafi. Da hantsin ranar da za a tafi na samo baƙar tawadar da ake buga lamba a jikin dilar auduga, wadda ko ruwan sama ba ya wanke ta, na fiƙe alƙalamin kara. Lasisi ya buɗe mini sito ya ajiye makulli a kan tebur.

Ya ce, "Ni na tafi wajen Iya cin abinci, na manta makulli. Abin da na sani ke nan."

Bai tafi ba. Ya tsaya yana jan mini zaren a hankali yana hura wa tawada iska, ni ina bi da alƙalami, daga hammar rago har inda matarsa ta dawo da ƙwarya. Na goge yatsuna da kananzir, tawada ta ƙi fita, na ce ta zauna.

Bayan magariba aka tayar da inji a filin ƙauyenmu. Ban taɓa ganin taro irin wannan a garin ba, har daga Dayi mutane suka zo a ƙafa. Jatau yana zaune a kujerar gaba kusa da wakilin hakimi, da babbar riga da ya ɗinka don ranar, Baba yana tsugune a gefen ƙafarsa. Hoton gayya ya fito, mutane suka ɗauki sowa, suna nuna kansu da 'yan'uwansu. Na ga Jatau ya karkata kunne yana jiran ganga, jita tana ta yi. Ya dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Sai rago ya fito ya yi hamma, lasifika ta yi tsit. Babu abin da ake ji sai ƙarar inji da kukan jariri. Akuya tana cin dawa shiru, mace tana yawo da ƙwarya shiru. Wani yaro ya ɗaga murya ya ce majigi ya zama bebe, filin ya kwashe da dariya. Majigi suke wa dariya, Jatau kuwa yana zaune a kujerarsa.

Manyan kamfani suka fara duban juna. Malam Isiyaku ya taso ya ce a tsayar, ya zaro zaren ya haska da tocila, ya ga baƙin layi. Bai tambayi kowa ba, ya zo kai tsaye inda nake ya kama hannuna ya ɗaga ya haska yatsuna. Sannan ya ja ni har gaban kujeru, ya yi abin da har in mutu ba zan daina jin zafinsa ba.

Ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Sarkin Noma, ka yi haƙuri. Takenka yana cikin fim ɗin nan, na rantse. Ga wanda ya bi shi da tawada ya shafe."

Kun ga gwaninta? Babu ƙarya ko ɗaya a cikin maganar. Ya faɗa yana kallona cikin ido, don ya san in zan kare kaina sai na faɗi inda ya ɗora taken, a gaban mutanen nan duka, in yi da bakina abin da na hana lasifika ta yi.

Jatau ya miƙe a hankali. Ya ce, "Kai, gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

"Don me?"

Na yi shiru.

"Ni na yanka ragon sunanka. Ka zo zaurena ka durƙusa, na ba ka abin da ban taɓa ba kowa ba. Na tara mutane tun daga Malumfashi. Me na yi maka? Takena ne bai isa shiga akwatinku ba? Yi magana mana!"

Ban yi ba. Wani daga baya ya ce ashe ba majigin kaɗai ne bebe ba, aka sake dariya, suna ya zauna. Jatau ya tattare rigarsa ya ce kada in ƙara taka zaurensa, ko gawarsa aka fitar kada in bi. Ya wuce, Baba ya bi bayansa ko kallona bai yi ba.

Da safe na samu Baba a bayan gida yana gyaran tsarkiyar ganga. Inna tana ɗaki tana kuka tana cewa an yi mini asiri a birni. Na tsuguna na gaya masa komai, ina jira ya tashi mu tafi wajen Jatau a wanke ni. Ya saurara har ƙarshe, gula tana hannunsa.

Ya ce, "Wa ya sani?"

Na ce, "Ni, da Kulu, da Lasisi, da shi mutumin."

Ya ce, "To ya tsaya nan."

Na ce, "Baba, ko Sarkin Noma kaɗai a gaya mawa."

Ya ce, "Ka san shi. In ya ji, kafin azahar ya isa Funtua da garma a kafaɗa yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi abin da aka yi mashi. Kafin la'asar yara sun fara kwantawa gindin bishiya suna kaɗa taken da baki. In ka faɗa, ka kaɗa. Da ka shafe shi da tawada ka dawo ka rubuta shi da harshe, gara ka bar shi tun farko."

Na ce, "Ni fa? Haka zan zauna da sunan nan?"

Ya ce, "Kai yaro ne, kana da lokacin ɗaukar shi. Shi ba ya da."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji haushin Baba ranar, kuma haushin bai gama fita ba har yanzu da na wuce shekarun da ya mutu a kansu. Yana da gaskiya, amma ni aka aza wa kayan. Na kai keke da rikoda ofis da kaina kamar yadda Kulu ta roƙa. Kamfani ya so kai ni kotu, Malam Isiyaku ya hana, mutane suka ce kai, mutumin kirki ne. Ba kirki ba ne, ya san a gaban alƙali dole a tambayi abin da ke ƙarƙashin tawada. Fim ɗin aka jefa a sito, sake wanko wani sai an aika ƙasar waje, kafin nan sun shiga wata sabgar. Lasisi ya tsira da gargaɗi, kuma har ya koma ga Allah bai buɗe baki ba, duk da surutunsa. Ni kuwa duk inda na nemi aikin kiɗa a yankin sai a ce a'a, wannan mai ɓata kayan mutane ne. Na koma lodin auduga, a nan aka haifi Binta, ranar sunanta daga ƙauyenmu Inna ce kaɗai ta zo. Sai da na bar ƙasar na tafi Kaduna, bayan shekaru, na samu shiga gidan talabijin ina yi wa wasannin kwaikwayo kiɗa. Kiɗan da kuka tashi kuna ji kafin a fara wasa da daddare, da yawansu nawa ne, amma sunan wasu ake rubutawa, don na gaji da a tambaye ni ko ni ne Bebe na Funtua. A can na riƙa ganin Malam Isiyaku ana gayyato shi yana jawabi a kan raya al'adun gargajiya, ni ina bayan gilashi ina daidaita masa murya.

Damina ta farko bayan majigin, Jatau ya kira gayya. An hana ni zaurensa, ba a hana ni hanya ba, don haka na je na tsaya can nesa a bayan shingen wata gona. Majiya ƙarfi suka jeru. Baba ya rataya ganga, ya gyara tsayuwa, ya saki taken. Jatau ya miƙe daga inuwa, ya ɗaga garma sama da hannu ɗaya, ya yi kirari har muryarsa ta dushe. Na bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, manya da yara, har da masu kawo fura. Babu wanda ya yi dariya. Babu wanda ya taɓa na kusa da shi. Mata suka yi guɗa, garemani suka shiga ƙasa. Da Baba ya zagayo ƙarshen kunya ya zo daidai shingen, bai tsaya ba, bai juyo ba, ya dai ce a ƙasa-ƙasa yana ci gaba da kiɗa, "Ka gani?" Na ce na gani. Iyakar ladan da aka biya ni ke nan.

Jatau ya rasu bayan 'yan shekaru yana riƙe da ni a zuciya. Ban bi gawarsa ba, tun da ya hana. Baba ya rataye ganga a wannan shekarar, bai sake taɓa ta ba. Yanzu duk sun tafi, yaran da za su yi kwaikwayon sun zama kakanni, waɗanda suka san taken ma ba su fi a ƙirga da yatsu ba, shi ya sa na ga bakina ya halatta.

Mustafa, kaset ɗin da na hana ka shi ne wanda na juye taken a kai. Ba rowa ba ce. Na ga wasannin naku, mutum yana gudu yana faɗawa rami ana dariya, kuma ba kai kake zaɓen wanda za a ɗora wa kiɗanka ba, wani mai biro uku ne a wani ofis. Na yi wa mai shi alkawari a kansa kaɗai za a ji, ya mutu yana zaton na karya. Ban karya ba, kuma ba zan karya shi yanzu don na tsufa ba. In kana son ka ji, ka zo ɗakina in kunna maka, mu biyu, amma ka sani a tsaye za ka saurara.